Naira dubu 100 na ɗauka a adashi: ta ina zan fara gyaran ciki da falona?

Wata baiwar Allah daga Kurna a Kano ce ta aiko da tambayar. Shekararta tara da aure, 'ya'yanta uku, suna zaune a ciki da falo na haya. Kujerun aurenta sun lotsa, yadinsu ya koɗe, fentin bango yana ɓamɓarewa daga ƙasa, labulen kuwa tun na ranar jere ne. Ta ɗauki adashi naira dubu 100, tana son ɗakin ya canja kafin Sallah. Ta zaga wajen masu kujeru, ta ji kuɗin sabon saiti, ta dawo gida jiki a sanyaye. Shi ne take tambayar abin da za ta iya yi da hannunta, da inda za ta fara.

'Yar'uwa, Allah Ya sa albarka a abin da kika tara. Sana'ata ɗinkin labule da rigunan kujeru da jeren amare, kuma a gidan kafinta na tashi, don haka abin da zan gaya wa ƙanwata ciki ɗaya shi zan gaya miki. Kuɗin nan ba za su sayi saiti ba, kuma kada wannan ya dame ki. A ɗakunan da nake shiga cikin garin nan, abu uku ne ke tsofar da ɗaki tun kayan cikinsa da sauran ƙarfinsu: ƙura, da danshi, da cunkoson kaya. In kika kawo sabuwar kujera kika jingina ta da bangon da ke tsatstsafo, a falon da ko sallaya ba a iya shimfiɗawa, damina ɗaya ta isa ta mayar da ita kamar wadda kika fitar.

Makon farko kada ki taɓa ko naira. Ki zaɓi ranar da yara suka tafi makaranta, ki fito da komai tsakar gida, har abin da ke saman sif da ƙarƙashin gado. Sai ɗaki ya zama wayam za ki ga girmansa na gaskiya, ki kuma ga ciwonsa. Saitin kujerun aure a Kano yawanci mai zaman mutum bakwai ne: doguwa mai uku, mai biyu, da ƙanana biyu. Falon haya mai ƙafa 12 a ƙafa 12 ba ya ɗaukarsu sai sun danne ƙofa ko sun tare taga. Shawarata ki rage ɗaya, ko ma biyu. Mai zaman mutum ɗaya za ta iya komawa uwar ɗaka, ɗayar ki ba dillaliya, kuɗinta su shiga gyaran sauran. Na san maganar nan da nauyi. Kayan ɗaki gumin iyaye ne, kuma akwai masu baki da za su ce wance ta fara sayar da kayan ɗakinta. Don haka ki fara zuwa gida ki gaya wa Umma abin da kike nufi, ki nemi yardarta. Ban taɓa ganin uwar da aka yi wa bayani da ladabi ta hana ba, abin da ke ɓata musu rai shi ne su ji a bakin wasu. Haka kwanukan da ke kabet shekara tara ba a ci abinci a cikinsu ba: ki zaɓi waɗanda ranki ke so ki bar su, sauran su shiga kwali ko su tafi.

Tunda ɗaki ya zama fili, ki bi ƙura har maɓoyarta. Iskar hunturu tana shigo mana da ita daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har Fabrairu, kuma ragar taga ce ke fara kama ta. Mata da yawa suna kukan ɗakinsu ya yi duhu, alhali ragar ce ta toshe. Ki wanke ta da buroshi da ruwan omo, ki goge gilashin, za ki yi mamakin hasken da zai shigo. Fukafukan fanka kuwa, ki zura kowanne cikin tsohuwar rigar filo ki jawo, ƙurar ta zauna a cikin rigar maimakon ta zubo miki a ka.

Yanzu bango, kuma nan zan daɗe, domin nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza. Kin ce fentin yana ɓamɓarewa daga ƙasa. In kika shafa hannu kika ga farin gari kamar kanwa, to ruwa ne ke ratsa bulo yana fito da gishirin cikinsa, yana bushewa a bayan fenti yana tunkuɗo shi. Kowane irin fenti kika shafa a kai, haka zai sake yi. Ki gwada kafin ki sayi komai: ki yanki leda kamar faɗin faranti, ki manna ta a wurin da salatif, ki rufe duk gefunanta, ki bar ta kwana biyu. In kika ɓare kika tarar da gumi a cikinta ta ɓangaren bango, ruwan daga cikin bangon yake. Sai ki zaga bayansa ki nemi sanadi. Galibi ba ya wuce huɗu: banɗaki ne a bayan bangon, ko bututun famfo yana yoyo, ko kwata tana kwanciya a gindinsa, ko indararo ya karye yana zuba a jikinsa. In bangon gabas ne, ki tuna hadarin Kano daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne shan duka a watan Agusta. Sau da yawa gyaran bai wuce kwanon siminti biyu da yashi ba, a ɗaga gindin bangon ta waje yadda ruwa zai gangare.

Wannan gyaran haƙƙin mai gidan haya ne. Maigidanki ya same shi da maganar tun kafin a fara, a kuma yi ta a gaban shaida ko wakilin gidan, a san ko za a cire daga kuɗin haya. Na taɓa yi wa wata mata aiki, mun gama fenti tas, mai gidan ya zo ya ga ɗaki ya yi kyau, ya ce shekara mai zuwa akwai ƙari. Tun daga ranar ba na bari a buɗe bokitin fenti a gidan haya sai an yi wannan maganar.

In an tare ruwan, ki kankare duk fentin da ya kumbura har sai kin kai inda ya riƙe gam. Farin garin ki share shi da busasshen buroshi, kada ki wanke da ruwa, domin ruwa narkar da shi yake ya mayar da shi cikin bulo. Baƙin tabo na fumfuna kuma, ki dama Hypo kashi ɗaya da ruwa kashi goma ki goge, taga a buɗe, kuma kada ki kuskura ki haɗa shi da ruwan wanke masai, hayaƙin da suke tayarwa yana shaƙe mutum. Ramin kusa da ƙananan tsaga ki cike su da farar hodar nan da ake silin da ita, ki dama da ruwa da ɗan gam na katako, ta bushe ki bi da samfefa. In an yi sabuwar filasta a wani wuri, tana son kamar mako huɗu kafin fenti. Wannan jiran shi ne abin da ya fi yi wa mutane wuya, musamman in Sallah ta matso, amma siminti ɗanye yana cinye launin fenti ya bar dabbare-dabbare.

Ga 'yan'uwa da ke cikin gari, irin su Yakasai da Dala da Gwale, waɗanda har yanzu ɗakinsu ginin ƙasa ne, maganarku daban ce. Bangon ƙasa yana numfashi, in aka rufe shi da fentin mai sai danshin ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ruɓe a ciki, wata rana ta zubo. Farar ƙasa ita ce tasa. Kakanninmu da suke shafa makuba ta kwasfar ɗorawa a waje, su bar ciki da farar ƙasa, sun san abin da suke yi.

Lissafin fenti ba wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12, tsayin bango ƙafa 10, in an cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai murabba'in mita 40. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya tana shafe kamar mita 10, kuma shafi biyu ake yi, ke nan lita 8, galan biyu masu lita 4. Ciki da falo gaba ɗaya bokiti guda mai lita 20 ya ishe ki har da ragowa. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aikin ki ari tef ɗin awo wajen tela ki auna, ki rubuta a takarda kafin ki tafi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Kada ki sayi mafi araha. Irinsa alli ne ya yi masa yawa, ana jingina da bango ya bi riga, kuma sai an yi shafi uku ko huɗu kafin ya rufe, ƙarshe kuɗin ya zo ɗaya. Ki nemi na tsakiya. Ruwan da za ki ƙara kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin, duk da za ki ji masu cewa a ninka shi ya yi auki.

Launi kuwa, ni ban cika ba da shawarar fari fat ba a garin nan. Ƙurarmu ja-ja ce, mako biyu ta nuna kanta a jikinsa. Ruwan madara, ko ruwan toka mai haske, ko ruwan ƙasa mai haske ƙwarai, su ne ke ɓoye ta, kuma suna buɗe ƙaramin ɗaki. In ranki yana son launi mai ƙarfi, bango ɗaya ya isa, wanda doguwar kujera za ta jingina da shi. Da yake kina da yara, daga ƙasa zuwa ƙafa huɗu za ki iya yin irin fentin da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, amma ban da bangon nan mai danshi, shi a bar shi da fentin ruwa zalla don ya riƙa fitar da gumi. Takardar bango da ake yayi yanzu, da soson nan mai kama da bulo da ake mannawa, ki bar su a kasuwa. A bango mai danshi ba sa zama, zafin Afrilu yana sakin gam ɗinsu, kuma bayansu ya zama gidan kyankyaso da kuɗin cizo.

Shafawar da kanki za ki yi, ko ke da ƙannenki. Rola ɗaya, buroshi mai inci biyu na kusurwa, da sandar mofa da za ki cusa a hannun rolar don ki kai sama ba tare da tsani ba. Ki fara da silin in za a yi shi, sannan bango daga sama zuwa ƙasa. Ki fara da sassafe, domin da rana ta take fenti yana bushewa a kan rola ya bar layi-layi. Tsakanin shafi na farko da na biyu a ba shi awa uku ko huɗu. Ƙofa da ƙarfen taga fentin mai suke so, shi kuma kwana yake kafin ya bushe, don haka kada a yi shi ranar da hazo ya sauko, duk ƙurar da ta taɓa shi ta zauna ke nan. Abu ɗaya da nake roƙon ki a nan: tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma. In za ki goge shi da samfefa, ki jiƙa samfefar don kada gari ya tashi, ki sa takunkumi, yara su tafi maƙwabta, mai ciki kuma kada ta kusanci wurin. Duk wanda ya tuna ƙauyukan Zamfara a 2010, inda garin dutsen zinare mai dalma ya kashe ɗaruruwan yara, ya san ba guba ce ta wasa ba, kuma ƙananan yara ta fi kamawa.

To, kujeru. Kujerar kushin hawa huɗu ce: katako, robar da ke ɗauke da mazauni, soso, sai yadi. Mutane yadin suke gani, su yanke wa kujerar hukunci da shi, alhali shi ne mafi sauƙin canjawa. Ki kifa kujerar, ki ɓare ƙyallen da ke ƙasanta, ki haska da fitilar waya. In katakon lafiya lau yake, babu gara, babu karaya, to kin tsira da mafi tsada a jikinta. Ki girgiza hannuwanta. In suna motsi, gam na katako da kusa biyu sun isa. Lotsawar da kike gani, sau da yawa ba soson ba ne, robar ce ta saki ko ta tsinke. Masu kujerunmu da yankakkiyar taya suke yin ta, ana saƙa ta kamar tabarma a ja ta da ƙarfi a buga kusa. Wannan aikin yana son ƙarfin hannu, ki kira yaron kafinta na unguwa ya yi miki shi a tsakar gida kina kallo, ya fi a ɗora kujerun a kura a kai shago, kin huta da kuɗin dako, kin kuma ga abin da aka sa miki.

Soson ki danna shi da dunƙulen hannu ki saki. In ya taso nan take, da sauransa, sai a ɗora masa sabon falle mai inci biyu a kai. In ya zauna a lotse ko yana marmashewa kamar garin kwaki, ya gama. A wajen saye kada taurinsa ya ruɗe ki, akwai soso mai tauri da ke mutuwa cikin wata shida. Nauyi ake dubawa. Ki ɗauki guda biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi rinjayar hannunki shi zai daɗe. Kuma mai kyaun a mazauni kaɗai za ki sa, majingina ba ta ɗaukar nauyin mutum, tsohonta ya wadatar. In za a yanka, a ƙara rabin inci a kowane gefe don ya cika rigarsa ɓul.

Yadi kuma, ga inda nake saɓawa da 'yan'uwana masu sana'a. Yawancinsu za su ce a ɓare a sake bugawa da karammiski mai sheƙi ko ledar nan mai kama da fata. Karammiski yana shan ƙura kamar soso da ruwa, kuma ba ya fita sai a kira masu wanki. Ledar kuwa zafin Kano, da ke wuce digiri 40 a Afrilu, yana dafa ta, shekara biyu ta fara saɓulewa tana bin jikin baƙi. Mai yara uku riga ce ta dace da kujerarta, wadda za ta zare ta wanke ta mayar. Ki shiga Kantin Kwari da awonki a rubuce, ki nemi yadi mai kauri mai auduga a ciki, launin da ba ya nuna datti, ki tambayi masu ragowar bandir domin sukan sauƙaƙa. Ki wanke shi kafin a yanka, auduga tana tsukewa a wankin farko. In kina da keke, ki yafa tsohon zanin gado a kan kujerar, ki bi da fil, ki zana da alli, ki yanka, ya zama ma'auninki. In ba ki da shi, telar unguwa mai ɗinkin zanin gado za ta iya, amma ki kai mata tun kafin azumi, kin san halin teloli in Sallah ta ƙarato. In kuɗi ba su kai riga cikakkiya ba, a ɗinka ta mazauni da ta hannuwa, a yafa luru ko saƙi a majingina. Yana kyau ƙwarai, har ya fi wasu rigunan.

Kafin riga ta hau, ki bi duk ɗinki da lungun kujera da gado ki duba kuɗin cizo: ɗigo-ɗigon baƙi kamar na biro shi ne alamarsu. Zafi ne maganinsu. Tafasasshen ruwa a mahaɗar katako da ƙarfen gado, kayan shimfiɗa a wanke da ruwan zafi, matasai a ƙulle su cikin baƙar leda a bar su a rana tun hantsi har la'asar, a maimaita bayan kwana goma saboda ƙwai. Don Allah kada ki yayyafa fiya-fiya a kan katifa ko kujerar da yara ke kwanciya, kada kuma wani ya ba ki ƙwayar nan ta adana hatsi ya ce ki ajiye a ɗaki ki rufe. Iskar da take fitarwa tana ratsa bango ta kashe mutane suna barci.

Labule shi ne abin da ya fi canja fuskar ɗaki da kuɗi kaɗan, kuma sirrinsa a ratayawa yake. Ki ɗaga sandar ta wuce saman taga da inci shida ko fiye, ta kuma zarce kowane gefe da inci shida, labulen ya sauko har ya kusa taɓa ƙasa. Nan take ɗakin zai ƙara tsawo a ido. Faɗin yadi ya ninka faɗin taga sau biyu, in ba haka ba ya tsaya a miƙe kamar zanin da aka shanya. Ga wani lissafi da nake so: turmin atamfa yadi shida ne, faɗinta kamar inci 45. In kika raba ta biyu kin sami falle biyu masu ƙafa tara-tara, in an kalmashe sama da ƙasa su dawo ƙafa takwas da ɗoriya, faɗinsu a haɗe kuma inci 90, kusan ninki biyu na tagar da ke da faɗin ƙafa huɗu. Ke nan atamfar da ke kwance a akwatinki tun lefe, wadda zanenta bai kwanta miki a jiki ba, labule ce. Sai dai a sa mata shafi da tsohon farin zanin gado, musamman in tagar yamma take kallo, domin ranar la'asar tana cinye launi cikin watanni. In kuma gwanjo kike so, a Ƙofar Wambai ana samun labule masu nauyi da kyau; ki ɗaga shi sama ki duba ta haske ko rana ta ƙona shi, in kin kawo gida ya fara shiga ruwan zafi kafin ya shiga ɗaki.

Ƙasa ba zan ja ta ba. In kafet ne ya mamaye falon bango zuwa bango shekara tara, ki naɗe shi ya fita, ƙurar da ke cikinsa tana sa yaranki tari. Leda mai kauri da ƙaramar darduma a tsakiya, wadda za a iya fitarwa a kakkaɓe, sun fi. Kafin a shimfiɗa ledar a cike ramukan siminti a share tas, tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta.

Gado da sif da madubi, ki fara gane irin katakonsu. In katako ne na gaske, irin maɗaci da ake yi wa iyayenmu, samfefa da banish shafi biyu za su dawo da shi kamar ranar da aka kawo. In kuwa allon nan ne na matsattsen garin katako, wanda yawancin kayan auren yanzu da shi ake yi, ruwa ne ajalinsa. Inda ya kumbura ba ya komawa, sai dai a yanke a sa wani falle, kuma a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo ana samun guntaye. Ƙofar sif da ta saki saboda ramin noti ya buɗe, ki tsoma tsinken ashana uku ko huɗu a gam ki cusa a ramin, ya bushe ki mayar da notin, zai kama kamar sabo. Durowa mai cijewa a goga mata kyandir a gefe. Ki kuma canja mariƙan ƙofofin gaba ɗaya, kuɗinsu kaɗan ne, amma su ido ke fara sauka a kai.

Sai ado, kuma da gangan na bar shi a baya. Yana ba ni takaici in shiga ɗakin 'yar Kano in tarar da furen roba mai ƙura da agogon roba mai ruwan gwal, alhali Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har gobe baƙi daga Turai cikinta suke cika jaka da abin da za su rataye a falonsu. Faifai uku ko biyar masu launi, manya da ƙanana, a jera su kusa da juna a saman doguwar kujera, sun cika bango. Tumtum na fata ki saye shi ba ciko, ki cusa masa tsummokaran da kika tara a makon farko, ya maye gurbin kujerar da kika fitar. Ki bar shi a inuwa kwana biyu warin jima ya fita. Ƙwarya mai zane ta ɗauki makullai da carbi. In akwai allon zayyana na saukar maigida ko na wani a gidan, ki nemo shi a goge, a rataye shi sama inda hannun yara ba ya kaiwa. A marinar Ƙofar Mata kuma, ki kai tsofaffin fararen zannuwan gado a rina miki su da baba, su zama rigunan filo. Sai dai shuni yana zuba, a wanke su daban da ruwan sanyi sau biyu ko uku, kuma kada a yi mazauni da su, kada baƙo mai farar shadda ya tashi da shaida. Kaskon turaren wuta ki ba shi wuri nesa da sabon labulen.

Ƙwan fitila ki canja shi. Na zamani mai wat 12 yana ba da hasken da ya kai na tsohon mai wat 75, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi. Mai fari fat ya fi dacewa da kicin, a falo mai ɗan ruwan ƙwai ya fi fito da launin madara. Madubi in ya kalli taga yana ninka haske. Duk abin da ya shafi waya da soket kuwa a bar wa mai gyaran wuta.

Farashi yana motsi kusan kullum, don haka da kashi zan raba miki. Kashi huɗu cikin goma na bango ne da fenti da kayan shafawa. Kashi uku na kujeru: roba, soso, yadi da ladan yaron kafinta. Kashi biyu na labule da leda da ƙwan fitila da 'yan kayan Kurmi. Kashi ɗaya ki ƙulle shi a bakin zani, domin sai an kifa kujera ko an janye sif ake ganin abin da ba a yi lissafinsa ba. In kuɗin suka gaza, leda ce za ta jira wani adashin, ba bango ba. Abin da dillaliya ta kawo ki zuba shi a soso.

Ranar mayar da kaya, ki bari fenti ya kwana biyu tukuna. Ki fara da gado da sif da doguwar kujera, ki tsaya a bakin ƙofa ki duba, sannan ki shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Abin da kika ga ɗakin ya fi kyau babu shi, ya zauna a waje. Kowane kaya a bar tazarar yatsu uku tsakaninsa da bango don iska ta ratsa, ki kuma riƙa ganin hanyar gara in ta fara gini. Ƙafafun sif da na gado a ɗora su a kan guntayen tayil, yadda ruwan mofa ba zai taɓa su ba, kuma bangon nan mai danshi kada ki jingina masa komai sai damina ta wuce kin ga ya riƙe.